Auren Ilimi: Yadda Aron Tunani Ya Gina Fannin Sarrafa Bayanan Lafiya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai lambu yana yi wa mangwaro aure, ya ga abin da ya cancanci nazari. Mai lambu yakan yanko ɗanyen reshe daga bishiyar da aka sani da zaƙin 'ya'ya, ya fere gindinsa, ya tsaga jikin wani ƙaramin dashe mai ƙarfin saiwa, ya cusa reshen a ciki, sa'annan ya naɗe wurin da leda. Bayan 'yan makonni, ko dai reshen ya tofo, ko kuwa ya bushe a inda aka ɗaure shi. Nakan gaya wa ɗalibaina na ajin ilimin tsirrai cewa wannan al'amari ba na sa'a ba ne kurum. Tsakanin ɓawon itace da ƙashinsa akwai wata siririyar fata mai rai, wadda ita ce ke haifar da sababbin hanyoyin ruwa da na abinci. Sai wannan fata ta reshe ta haɗu da ta dashe, kuma sai bishiyoyin biyu suna da dangantaka ta kusa, kafin aure ya kama. Shi ya sa ake aura lemon zaƙi a kan lemon tsami, amma ba a taɓa jin an aura mangwaro a kan darbejiya ba.

Na kawo wannan misali ne domin akwai wani fannin ilimi wanda kusan dukkan rassansa aurowa aka yi daga wasu bishiyoyi. Wannan fanni shi ne ilimin sarrafa bayanan lafiya, wato ilimin da ke nazarin yadda ake tattara labarin majiyyata da cututtuka, da yadda ake adana shi, a tantance shi, a kuma yi amfani da shi wajen yanke shawara, ko a kan takarda ko a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Katin da ake buɗe wa mutum a asibiti, da rajistar da ma'aikaciyar jinya ke cikawa a ɗakin shan magani na ƙauye, da alƙaluman da ma'aikatar lafiya ke sanarwa a lokacin annoba, duk 'ya'yan wannan fanni ne.

Wannan maƙala za ta bi sawun aro guda huɗu da fannin ya yi: daga ilimin tsirrai, daga fagen yaƙi, daga ilimin haɗa sinadarai, da kuma daga masana'anta. A kowanne za mu ga amfanin da aron ya kawo, mu kuma ga inda fatar reshe ta ƙi haɗuwa da ta dashe.

Mene Ne Tsarin Tunani?

Abin da ake arowa a nan ba na'ura ba ce, ba kuma magani ba ne. Tsarin tunani ne, wato wata taƙaitacciyar siffa da masana ke yi wa wani al'amari domin su iya fahimtarsa. Mafi sauƙin misalinsa shi ne taswira. Taswirar hanyar Kano zuwa Zariya ba ta nuna kowace bishiya da kowace rijiya da ke bakin hanya, kuma wannan tsallakewa da ta yi shi ne amfaninta, domin da ta nuna kome da kome da ba wanda zai iya karanta ta. Amma idan makiyayi mai neman mashaya ya ɗauki taswirar direba, zai tarar abin da aka tsallake shi ne ainihin abin da yake bukata. Haka kowane tsarin tunani yake. Yana da abubuwan da ya ɗauka da muhimmanci, da waɗanda ya yi watsi da su domin a gidansu na asali ba su da wani tasiri. Idan aka ɗauke shi zuwa wani fage, waɗannan sharuɗɗa sukan biyo shi a ɓoye.

Aro Na Farko: Daga Lambu Zuwa Rajistar Asibiti

Kafin a ƙidaya cututtuka, dole ne a ba su sunaye tsayayyu. A shekarar 1676 wani likita ɗan ƙasar Ingila, Thomas Sydenham, ya yi kira da a karkasa cututtuka jinsi-jinsi da irin natsuwar da masana tsirrai ke karkasa ganyaye. Bayan da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya fito da tsarinsa na rarraba halittu a 1735, sai wannan kira ya sami abin koyi. A 1763 wani likita a birnin Mampeliye na Faransa, Boissier de Sauvages, wanda shi ma masanin tsirrai ne, ya wallafa littafin da ya raba cututtuka zuwa manyan azuzuwa 10, da nau'o'i kimanin 2,400, daidai da yadda ake raba tsirrai zuwa aji da dangi da jinsi. Shi kansa Linnaeus ya rubuta nasa jerin na dangogin cututtuka.

Wannan reshe ya kama, ya kuma yi 'ya'ya. William Farr, wanda aka ɗora wa alhakin alƙaluman mace-mace a ofishin rajista na Ingila daga 1839, ya yi amfani da jeri irin wannan wajen kwatanta abin da ke kashe mutane a unguwa da unguwa. A 1893, a wani taron masana ƙididdiga da aka yi a Shikago, aka amince da jerin dalilan mutuwa wanda Jacques Bertillon na birnin Faris ya jagoranci tsarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948, kuma shi ne kundin da aka sani da ICD, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2022. Albarkacin wannan kundi ne ake iya kwatanta alƙaluman tarin fuka na Nijeriya da na Indiya ba tare da an yi saɓanin ma'ana ba.

To, ina gizo ke saƙa? A ilimin halittu, kowace halitta wuri ɗaya take da shi a jikin bishiyar dangantaka, domin tsatso ɗaya ta fito. Jemage yana tashi sama, amma ba za a taɓa saka shi a cikin tsuntsaye ba. Cuta kuwa ba haka take ba. Sanƙarau da ƙwayar tarin fuka ke haddasawa, cuta ce mai yaɗuwa, kuma cuta ce ta ƙwaƙwalwa da laka. A wane reshe za a rataye ta? Sai da masu kundin suka ƙirƙiro dabarar ba wa irin wannan cuta lamba biyu, kuma sai a bugu na 11 aka gina wani tushe wanda ya amince cuta ɗaya ta kasance da iyaye fiye da ɗaya.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi. Tsiro ba ya zama gero da dawa a lokaci guda, amma yaro ɗaya yakan zo asibiti da zazzabin cizon sauro da ƙarancin jini da tamowa a tare. Idan ya rasu, ƙa'idar ƙididdiga ita ce a zaɓi dalili ɗaya a matsayin tushen mutuwar. Galibi zazzabin ake rubutawa, tamowa kuwa ta ɓace daga lissafi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna da nasaba da rashin isasshen abinci mai gina jiki. Mai tsara kasafin kuɗi da ya dubi tebur kawai, zai iya zuba kuɗi a kan magani ya manta da abinci.

Aro Na Biyu: Daga Fagen Yaƙi Zuwa Ɗakin Gwaji

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojan da ke zaune gaban na'urar hangen jirage, wato rada, yakan ga ɗigon haske a fuskar gilashi, ya rasa ko jirgin abokan gaba ne, ko garken tsuntsaye, ko kuwa hayaniyar na'urar ce kawai. Kuskure iri biyu ke gabansa. Idan ya cika saurin kaɗa ƙararrawa, zai yi ta tayar da mayaƙa a banza. Idan kuma ya cika jinkiri, wata rana jirgi zai kuɓuce masa ya yi ɓarna. Ba ya iya rage ɗaya sai ya ƙara ɗaya. A farkon shekarun 1950 injiniyoyi, musamman a Jami'ar Mishigan ta Amurka, suka mayar da wannan tsaka-mai-wuya lissafi, daga nan masana halayyar ɗan Adam suka are shi domin nazarin ji da gani.

Wanda ya yi fice wajen shigo da shi asibiti shi ne Lee Lusted, likitan hoton ciki da ƙashi, wanda ya yi aikin injiniyan rada a lokacin yaƙin. Ya lura cewa likitan da ke duba hoton ƙirji yana neman tabon tarin fuka, matsayinsa ɗaya da sojan nan. A 1959 shi da Robert Ledley suka wallafa wata maƙala a mujallar Science wadda ta nuna cewa ana iya fayyace tunanin likita da ilimin manɗiƙi da lissafin yiwuwa, har kwamfuta ta taimaka masa. Masana da dama suna ɗaukar wannan maƙala a matsayin ɗaya daga cikin tubalan farko na fannin da muke magana a kai. A 1971 kuma Lusted ya sake wallafa wata a kan amfani da lissafin rada wajen auna ƙwarewar masu duba hoto.

A yau kowane gwaji ana auna shi da ma'auni biyu: ƙarfin kamawa, wato cikin masu cuta 100 nawa yake ganowa, da ƙarfin wankewa, wato cikin marasa cuta 100 nawa yake tabbatar da cewa ba su da ita. Amma akwai abu na uku da injiniyoyin rada suka sani sarai, wanda yakan faɗi a hanya kafin a iso asibiti, shi ne yawan abin da ake nema. Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali kawai. A ce ga gwaji mai kama 95 cikin 100, mai kuma wanke 95 cikin 100. A wani gari da damina aka gwada yara 1,000 masu zafin jiki, waɗanda 400 daga cikinsu suna da cutar da ake nema. Gwajin zai kama 380, ya kuma yi wa 30 ƙage daga cikin 600 da suka rage. Ke nan cikin 410 da aka ce suna da cutar, kusan kashi 93 cikin 100 gaskiya ne. A wani garin kuma da rani, inda 20 kawai ke da cutar cikin 1,000, gwajin zai kama 19, ya yi wa 49 ƙage daga cikin 980. Cikin 68 da aka ce suna da cutar, 19 ne kurum ke da ita, wato fiye da kashi 70 cikin 100 ihu ne a banza. Gwajin bai canza ba, mutanen da aka yi wa shi ne suka canza. Wannan lissafi ya samo asali ne daga wani malamin coci ɗan Ingila, Thomas Bayes, wanda aka buga rubutunsa a 1763 bayan rasuwarsa.

An ga haka a aikace. A 1972, a birnin Lids na Ingila, likitan fiɗa Tim de Dombal da abokan aikinsa suka gwada wata kwamfuta mai amfani da lissafin Bayes a kan majiyyata 304 masu ciwon ciki mai tsanani. Ta dace da gaskiya a kusan kashi 92 cikin 100, yayin da manyan likitoci suka sami kimanin kashi 80. Amma da aka gwada tsarin a kan majiyyatan birnin Kofanhegan na Danmak, sai ƙwazonsa ya faɗi ƙwarai, domin yawan kowace cuta, da irin mutanen da ake turowa asibiti, da yadda likitoci ke fassara alamomi, duk sun bambanta. Idan har tsakanin biranen Turai biyu an sami wannan giɓi, mai karatu ya auna abin da zai faru idan aka ɗauko manhaja daga Landan zuwa Gusau ba tare da an sake gwada ta ba.

Aro Na Uku: Daga Kwalbar Sinadari Zuwa Ƙauyukan Garki

A 1864 wasu masana biyu 'yan ƙasar Nowe, Guldberg da Waage, suka bayyana wata ƙa'ida: saurin haɗuwar sinadarai biyu ya dogara ne a kan yawan kowannensu a cikin ruwan da aka gauraya su, domin gwargwadon yawan ƙwayoyinsu, gwargwadon yadda suke karo da juna. Wannan ƙa'ida ce aka aro domin bayanin annoba. A 1927, a birnin Edinbara, likita Anderson McKendrick da masanin sinadarai William Kermack suka raba al'umma gida uku: waɗanda za su iya kamuwa, da waɗanda suka kamu, da waɗanda suka warke ko suka rasu. Suka ɗauka cewa sababbin kamuwa suna faruwa ne gwargwadon karon rukuni na farko da na biyu. Daga nan suka nuna cewa annoba ba ta tashi sai yawan masu iya kamuwa ya wuce wani mizani, kuma takan mutu tun kafin ta cinye kowa.

McKendrick ya taɓa aiki tare da Ronald Ross a Saliyo a 1901. Ross, wanda ya gano ƙwayar zazzabin cizon sauro a cikin cikin sauro a Indiya a 1897, ya riga ya nuna da lissafi cewa ba lallai ne a kashe kowane sauro ba. Idan aka rage yawansa ƙasa da wata iyaka, cutar za ta gushe da kanta. A shekarun 1950 George Macdonald ya faɗaɗa wannan lissafi. Tun da ƙwayar cutar tana bukatar kwana 10 ko fiye a jikin sauro kafin ta iya shiga wani mutum, sai ya nuna cewa gajarta rayuwar balagaggen sauro ya fi kome tasiri. Wannan ya ƙarfafa dabarar feshin bangon ɗaki, wadda ita ce ƙashin bayan shirin kawar da cutar daga duniya da Hukumar Lafiya ta ƙaddamar a 1955, ta kuma jingine a 1969.

A ƙasarmu aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen wannan tunani. Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da bincike a yankin Garki, wanda a lokacin yana Jihar Kano, yanzu kuwa yana Jihar Jigawa. An ƙidaya mutane, an bi su ana ɗibar jininsu lokaci-lokaci, an kama sauro an ƙirga, aka adana bayanan a kwamfuta. An yi feshi da maganin firofokza, a wasu ƙauyuka kuma aka haɗa da rabon magani ga kowa. Feshin ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cutar da kimanin kashi 90 cikin 100, amma yawan masu ɗauke da ƙwayar a jininsu bai ragu ba sai da kimanin kashi 25. Inda aka haɗa da magani cutar ta yi ƙasa sosai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo.

Dalilai biyu suka fito fili. Na farko, a wurin da cizo ya yi yawa ainun, ko an rage shi da kashi 90, ragowar ta isa ta riƙe cutar. Na biyu shi ne wanda ya fi jan hankalina a matsayin mai nazarin halittu. Ƙwayoyin sinadari a cikin kwalba duk iri ɗaya ne, kuma kowace tana iya karo da kowace. Sauro kuwa yana da hali. Wani yakan ciji mutum ya sauka a bangon ɗaki ya taka guba, wani kuwa yakan fice ya huta a waje, bai taɓa bangon ba. Nazarin da masanin sauro ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya yi a kan sauron wannan yanki ya nuna cewa bambancin yana da alaƙa da gado. Lissafin da ya ɗauki sauro duka ɗaya ne, ya zuzuta amfanin feshi. Amma aikin Garki bai tashi a banza ba. Daga cikinsa Dietz da Molineaux da Thomas suka fito da sabon tsarin lissafi a 1974, wanda ya saka garkuwar jiki a cikin ƙidaya, kuma masu bincike sun ci gaba da komawa ga bayanan Garki shekaru da dama bayan an naɗe aikin.

Aro Na Huɗu: Daga Masana'anta Zuwa Yaƙi Da Sanƙarau

A watan Mayun 1924, Walter Shewhart, wani masanin kimiyyar lissafi da ke aiki da kamfanin ƙera kayan tarho na Western Electric a Amurka, ya zana wani jadawali mai sauƙi. Ya ce duk kayan da na'ura ke ƙerawa sai an sami 'yar saɓawa a tsakaninsu, kuma wannan ba abin damuwa ba ne. Abin da ake bukata shi ne a ja layi a sama da ƙasa. Muddin awo yana yawo a tsakanin layukan, a ƙyale na'ura, amma da zarar ya tsallake, a tsaya a bincika. Tunani mai kama da wannan ya shiga aikin sa-ido a kan cututtuka. A 1963 Robert Serfling na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya tsara layin da ke hawa da sauka bisa yanayin shekara, domin a gane makon da mace-macen mura da ciwon huhu suka wuce kima.

Mu mazauna yankin da ake kira ɗamarar sanƙarau, wanda ya miƙe daga Sanagal zuwa Habasha, kuma likitan Faransa Lapeyssonnie ya siffanta shi a 1963, wannan layi ba baƙon abu ba ne a rayuwarmu. Kowace shekara, daga hunturu zuwa bazara, akan sami masu sanƙarau jefi-jefi. Tambayar ita ce: a wane mako ne jefi-jefi ya zama annoba? A annobar 1996 Nijeriya kaɗai ta ba da rahoton mutum fiye da 100,000 da suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, mafi yawa a Arewa. Ɗaya daga cikin darussan wannan shekara shi ne cewa allurar rigakafin da ta iso bayan annoba ta kai ƙololuwa, kaɗan take cetowa. Saboda haka aka yi ta sauko da layin. Bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta sabunta a 2014, a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka sami 3 cikin kowane 100,000 a mako guda, an taka layin gargaɗi. Idan aka sami 10, an taka layin annoba.

Sai dai masana'anta tana da gata uku da ma'aikacin lafiya ba shi da su. Na farko, mai masana'anta ya san adadin abin da ya ƙera, mu kuwa adadin mutanen da muke raba lissafi da shi hasashe ne. A Nijeriya an shafe fiye da shekara 15 ana gina shi a kan ƙidayar 2006. Na biyu, a masana'anta ana auna kaya nan take, a wurinmu kuwa rahoton mako yana iya makara, ga kuma marasa lafiyar da ba su zo asibiti ba sam. Idan wani ɗakin shan magani ya yi shiru, shin babu cuta ne, ko kuwa babu mai aikowa da labari? Domin haka ne aka wajabta aiko da rahoto ko da sifiri ne. Na uku, babban yanki yakan haɗiye ƙaramar gobara: gunduma ɗaya tana iya ci da wuta alhali matsakaicin lissafin ƙaramar hukuma bai taɓa layi ba, shi ya sa aka ba da shawarar a rarraba duk yankin da ya wuce mutum 100,000. Manhajoji irin su DHIS2, wadda ta samo tushe daga Afirka ta Kudu da Jami'ar Oslo, kuma Nijeriya ta ɗauke ta domin tattara bayanan lafiya na ƙasa, sun rage jinkirin isar rahoto. Amma manhaja ba ta iya ƙirga yaron da ba a kawo ba.

Kammalawa

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Duk da haka, abin da muka gani a sama bai nuna cewa aro aibi ne ba. Ba don bishiyar masana tsirrai ba, da babu kundin cututtuka. Ba don rada ba, da ba mu da ma'aunin gwaji. Abin da ya nuna shi ne cewa a kowane karo, wurin da aka yi tuntuɓe shi ne wani sharaɗi da yake gaskiya a gidan asali, amma ba gaskiya ba ne a asibiti.

Wannan darasi bai tsufa ba. A 2008 kamfanin Google ya ce zai hango yaɗuwar mura daga kalmomin da mutane ke nema a intanet. A hunturun 2012 zuwa 2013 hasashensa ya kai kusan ninki biyu na abin da asibitocin Amurka suka gani, domin mai neman labarin mura ba lallai ne yana da mura ba. A 2015 aka daina wallafa hasashen. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake tallatawa domin duba hoton ƙirji ko tantance majiyyata, su ma rassa ne da aka yanko daga wasu bishiyoyi, kuma da bayanan wasu al'ummomi aka horar da mafi yawansu.

Don haka ina ba ɗalibanmu shawarar su riƙa yi wa kowane tsari tambayoyi huɗu kafin su amince da shi. A wane fage aka haife shi, kuma wace matsala aka yi shi domin ta? Me ya ɗauka cewa daidai yake ko bai da muhimmanci? Shin wannan zato ya tabbata a kan mutanenmu da sauronmu da rajistarmu? Sa'annan, idan ya yi kuskure, wa zai ɗauki asarar, kuma ta yaya za mu sani? Amsa waɗannan tambayoyi ba aikin masanin kwamfuta ba ne shi kaɗai. Ana bukatar likita da ma'aikaciyar jinya da masanin ƙididdiga da masanin halittu, har da magatakardan da ke riƙe da rajista, su zauna a tabarma ɗaya, kamar yadda aka yi a Garki. Ɗalibin da ke ganin darasin rarraba tsirrai ko na halayyar ƙwari ba shi da alaƙa da kwamfutar asibiti, ya sake dubawa; akwai gurbin da ke jiransa a wannan fage, kuma aikin farko da ke gabansa shi ne ya koyi cika rajista daidai.